Shekarar da Na Sauke Baba daga Gaban Sahu

Kun sha tambayata, ku 'ya'yana, me ya sa ko na riga kowa zuwa masallaci sai in wuce can ƙarshen sahun baya in zauna jikin bango. Nakan ce muku iska nake bi. To ba iska ba ce. Yau zan faɗa muku gaskiya, saboda abin da ya faru a gidan nan na Gwadangaji makon jiya. Nasiru ya ga ina yawan zagayawa da buta, ya binciki alamun ciwon a wayarsa, ya kira 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya, kafin la'asar sai ga Hadiza daga Nassarawa idanunta jawur, tana yi mini kallon wanda ake shirin yi wa wankan ƙarshe. Nasiru, ban yi fushi da kai ba. Gadona ka yi. Ni ma na taɓa yin haka, nawa ma ya fi naka muni, don kai a waya ka yi, ni kuwa a ƙofar masallaci na yi.

Shekarar da aka sami mulkin kai ina da ashirin da huɗu, ina aikin lebura a asibiti a Birnin Kebbi. Tura gado, dafa almakashi, kwashe tasar fitsari, shi ke nan aikina. Amma a raina ni likita ne da ba a gano ba tukuna. Ban yi makarantar boko ba, a ajin yaƙi da jahilci na koyi karatu, Turanci kuwa da wani tsohon ƙamus na tsinto shi kalma-kalma. Akwai wani littafin masu jinya da aka jefar, bangonsa ya cire, na ɗauka na ɗinke shi da zaren koma, ragar masunta. Wallahi na so littafin nan. Duk abin da na karanta da safe, kafin yamma sai na sami wanda zan zuba wa, ko yana so ko ba ya so. A lokacin kowa cewa yake Turawa za su tafi, mu za mu riƙe komai, ni kuma har na ga kaina cikin farar riga. In na je gida Argungu ƙarshen wata, nakan zauna gindin tsamiyar ƙofar masallacinmu inda masunta ke gyaran homa, in yi ta bayani a kan sauro da zazzaɓi, da yadda ruwan gulbi ke sa wa yara tsargiya. Suka laƙaba mini Likita. Da wasa suke faɗa, ni kuma da gaske nake amsawa.

Kakanku, Malam Hamidu, masunci ne kamar kowa a unguwarmu, amma shi ne limamin wannan ɗan masallaci na ƙasa mai sahu uku. Shekara ashirin da biyu yana gaba. Ba a biyansa ko anini, ba shi da rawani, ba shi da doki. Wannan taku ɗaya da yake yi ya wuce sahu, shi ne duk abin da ya mallaka wanda ya fi jirginsa daraja. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari. Sai dai ya ce, kai wanga.

Wani zuwa da na yi bayan ruwa ya fara janyewa daga fadama, na lura da abu biyu. Baba yana daɗewa a bayan gida, ya fito, jim kaɗan ya sake ɗaukar buta. Sannan na ga wandunansa har huɗu a shanye, ba a igiyar tsakar gida ba, can bayan rumbu inda ba mai bi. Na tsare Inna a madafa da tambaya har ta gaji.

"Hitsari na ka ba shi wahala," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Shina jin shi, in ya tahi ba ya zuwa sai ɗis-ɗis. In ya gama kuma ya tashi, sai wani ya biyo. Shi ya sa kowace salla da wandonta. Ni ka wankewa, ba wanda ya sani. Kai ma ban hwaɗa maka ba, ka ji ko?"

"Na ji, Inna."

"A'a, dube ni. Bakinka na nika tsoro."

Na rantse mata. Na koma Birnin Kebbi na buɗe littafina, raina rabi tsoro, rabi kuma, Allah Ya yafe mini, murna ce, don yau ga ciwo na gaske ya zo hannuna. Na sami wurin. Wata 'yar tsoka ce da kowane namiji ke da ita a ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye hanyar da fitsari ke bi, likitoci suna ce mata furostet. Littafin ya ce in mutum ya manyanta takan kumbura ta matse hanyar. A shafi na gaba kuma ya ce ciwon daji yakan kama wannan tsokar. Na duba alamun, na ga sun yi kama. Sai na haɗa da hankalina na ɗan bakin gulbi: wuri ɗaya, alama ɗaya, ai abu ɗaya ne, kumburi farkonsa, daji ƙarshensa, kamar yadda ruwa ke fara taɓa idon sawu kafin ya ci gona. Ban tambayi kowa ba. Ga manyan ma'aikata ina wucewa ta gabansu kullum da tasa a hannu, amma ina jin kunyar su san akwai abin da ban sani ba.

Da wata ya ƙare na koma gida da niyyar in sami Baba shi kaɗai in lallashe shi ya zo asibiti. Wallahi niyyata ke nan. Amma ranar na tarar da mutane zaune gindin tsamiya, lokacin la'asar ya yi, an yi kira, Baba bai fito ba. Malam Garba ladan, abokin Baba tun suna yara, mutum mai barkwanci, ya hango ni.

"Ga Likita, ga Likita! To zo ka duba muna Liman. Kwanan nan sai mun yi kiran salla mun sake yin hamma kahin shi hito. Ko amarya yay yi ba mu sani ba?"

Aka yi dariya. Wani ya ce, "Wanga likitan tasa? Bar shi dai da sauro."

Wannan maganar ce ta kwance ni. Na ce bari su ga. Na gyara tsayuwa na fara bayani kamar ina gaban aji. Na tsinci kara na zana mafitsara a ƙasa, na zana tsokar, na nuna yadda take matse hanya. Na faɗi ɗis-ɗis ɗin. Na faɗi wanduna huɗu. 'Ya'yana, na faɗi wandunan. Sannan na rufe da cewa wannan farkon ciwon daji ne, in ba a kai shi asibiti da wuri ba, ba zai ga wata damina ba. Ina cikin magana na ga idanun mutane sun bar fuskata sun koma bayana. Na juya. Baba ne tsaye da butarsa, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa, yana kallon zanen da ke ƙasa.

Ya shiga masallaci, muka bi shi, ya ja la'asar kamar kullum, muryarsa ba ta ko girgiza ba. Bayan sallama wani dattijo daga sahun farko ya yi gyaran murya ya ce, shi ba don komai ba, amma yana son ya sani, sallolin da aka yi a baya, akwai ramuwa? Baba ya amsa masa da ilimi, a natse. Ya ce ba ramuwa, bai taɓa shiga gaba ba sai da tsarki, yakan jira ya tabbatar ya kuma sauya tufa. Kowa ya ce haka ne, haka ne. Amma da magariba ta yi aka ta da iƙama, Baba ya tsaya inda yake.

"Garba, shiga gaba."

"Haba Liman, wace irin magana..."

"Shiga gaba, lokaci na wucewa."

Ya ratsa sahu uku ya koma ƙarshen na baya, jikin bango.

Da na shiga gida Inna ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta dai je bayan rumbu ta kwaso wandunan ta shanya su a igiyar tsakar gida, ta ce, "Tunda gari ya sani, bari su sha rana da kyau."

Ga inda wautata ta kai matuƙa. Ni da na ce daji don a ji tsoro a kai shi asibiti, na manta a cikin wa na tashi. A wurinmu a lokacin, kowa ya yarda daji ba a taɓa shi da ƙarfe. Ba allura, ba aska, ba wuƙar likita. Cewa ake in ƙarfe ya taɓa shi sai ya fusata ya watsu jiki duka. Da na ce kumburi ne kawai, da wataƙila an bar ni na tafi da shi. Amma da bakina na kira sunan da ke rufe ƙofar asibiti. Ƙanen Baba, Baffa Manu, shi ya karɓi jinyar. Ya shiga kawo sassaƙe da saiwoyi daga ƙauyuka har Augie, ana jiƙawa ana ba shi. Ko wanzami aka hana ya yi masa aski. Mutane suka riƙa zuwa gaisuwa suna zama shiru kamar gidan makoki. Baba ya ba Baffa jirginsa, ya raba homarsa ga 'ya'yan maƙwabta. Da na zo da maganar asibiti, Baffa ya tare ni a zaure.

"Kai kac ce daji na, ko ba kai ba?"

"Ni ne, Baffa, amma..."

"To mun yarda da kai, Likita. Ilimi gare ka. Yanzu kuma so kake mu kai shi a yanka? Ka kashe shi da baki, ka ƙarasa shi da wuƙa?"

Haka aka yi wata biyu. Ina Birnin Kebbi ina tura gado, abinci ba ya shiga. Ran nan da hantsi wani direban motar albasa ya kawo mini saƙon Inna: tun jiya fitsari ya tsaya cak, mara ta kumbura, Baba ba ya iya zama ba ya iya kwanciya. Na ajiye tasar da ke hannuna na nufi wurin Malam Audu, babban ma'aikacin jinya na ɗakin maza, mutumin da na fi shakka a duk asibitin. Na faɗa masa komai, har zanen ƙasa. Ya saurare ni yana wanke hannu.

"Wa ya duba shi ya ce daji ne?"

"Ni."

"Da me?"

"Da littafi."

Ya goge hannunsa. Ya ce, "Littafin ya taɓa tsohon?" Ya nuna mini benci. Ya ce, "Zauna, sakarai. Ka ga tsofaffin da ke kwance a ɗakin nan da robar fitsari? Kai kake kwashe musu tasa. Yawancinsu kumburin tsufa ne, kamar furfura, kuma da ƙafarsu suke komawa gida. Kumburi daban, daji daban. Gida ɗaya suke haya, amma ba dangi ba ne, wannan ba ya rikiɗa ya zama wancan. Akwai mai kumburi har ya mutu da tsufa ba daji. Akwai mai daji da fitsarinsa ke zuba lafiya lau bai san yana da komai ba. Akwai kuma wanda Allah Ya haɗa masa biyun. Daga yadda mutum ke fitsari ba mai iya rabewa, ko likita, sai ya duba da hannunsa, wani lokaci ma sai an aika da tsokar an gwada. Kai kuwa daga gindin tsamiya ka gama."

Ya nemi izini, ya sa roba da magani a jaka, muka hau motar da ta juya Argungu. A hanya ya ce mini shi ba zai yi gardama da dangina ba. Ni na ƙulla, ni zan kwance.

Mun tarar da zaure cike. Daga ciki ana jin nishin Baba, mutumin da ƙugiya ta taɓa shiga tafin hannunsa aka yanka aka cire bai ce uffan ba. Baffa Manu ya ga jakar Malam Audu, ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa. Na san abu ɗaya ne zai kawar da shi. Na durƙusa a gaban mutanen nan, waɗanda na shekara ina yi wa lacca.

"Baffa, ƙarya na yi. Ban san ko daji ne ba. Ni ba likita ba ne, tasar fitsari nake kwashewa a asibiti, ga maigidana nan ku tambaye shi. Abu biyu na gani a littafi na haɗa su da kaina. Don a ce na iya na faɗa."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi.

"To in kuma dajin na?" in ji Baffa. "Ƙarhe fa?"

Malam Audu ya buɗe jaka ya miƙa masa robar. Baffa ya juya ta, ya lanƙwasa, ya ja. Roba ce, ba ƙarfe ba. Kafin ya ce wani abu muka ji muryar Baba daga ɗaki, a shaƙe.

"Manu, bar su su shigo. Ko mashi na, su shigo."

Ni na riƙe kwanon. Ɗan fari, wanda ko sunansa uban ba ya kira don kunya, yau ga shi durƙushe a gaban tsiraicin uban. Na kawar da kai, shi ma ya juya fuska bango. Da robar ta shiga fitsari ya fara zuba, na ji jikinsa ya saki gaba ɗaya, yana ta hamdala a hankali. Kwano ya cika, Inna ta miƙo wani daga bakin ƙofa. Da aka gama ya juyo ya dube ni, gumi ya jiƙa masa gemu.

"Sannu, Likita."

Sau ɗaya ke nan a rayuwarsa ya kira ni da wannan suna. Har yau ban san ko da zafi ya faɗa ko da tausayi ba, kuma har yau in na tuna sai na ji kamar in nutse.

Bayan kwana biyu muka kawo shi Birnin Kebbi. Likita ya sa safar hannu ya duba shi ta baya, wani abin kunyar da na jawo masa a gaban baƙo, ko da yake wannan kam dole ne. Ya ce tsokar ta girma ƙwarai amma sumul take, ba tauri ba ƙulli, bai ga alamar daji ba. Jin haka Baba ya yarda da wuƙa. Aka yi aiki aka cire abin da ya toshe, aka aika da shi can kudu a gwada. Mun yi makonni muna jira. Amsa ta zo: kumburi ne kawai. Likitan ya sa Malam Audu ya fassara wa Baba cewa cikin tsokar aka ƙwaƙule, ɓawonta na nan, kuma daji in zai zo ya fi son ɓawon, don haka kada ya ce an yi aiki an gama, ya riƙa zuwa ana dubawa. Baba ya riƙa zuwa. Bai taɓa samun daji ba.

Ya koma gida da ƙafarsa, wando ɗaya yana isarsa yini. Ranar da ya fara fita masallaci na zo musamman. Bayan an yi kira na miƙe gindin tsamiyar nan na faɗa wa kowa sakamakon, na maimaita cewa ni na yi kuskure. Aka ce madalla, Allah Shi ƙara sauƙi. Amma ina ji wani a gefe yana raɗa wa na kusa da shi cewa daji kwanciya yake yi, ba ya mutuwa. Aka ta da iƙama. Malam Garba, Allah Ya jiƙansa, ya ja da baya ya nuna gaba da hannu.

"Liman, ga wurinka. Aro na nike riƙo."

Baba ya dubi sahu. Ba wanda ya ce a'a. Ba kuma wanda ya ce bismilla. Kowa ya sunkuyar da kai yana gyara yatsun ƙafa. Na ga idon mutum biyu sun sauka kan wandonsa, suka yi maza suka ɗauke. Shi ma ya gani.

"Ci gaba, Garba," ya ce. Ya koma jikin bango.

Shekara goma sha shida ya ƙara a duniya. Ya karɓi jirginsa, ya sayi sabuwar homa, ya binne Malam Garba, ya binne dattijon da ya yi tambayar ramuwa, ya bi liman na uku wanda shi ya koya wa Fatiha. Bai sake taka gaban sahu ba. Na jefa littafin nan a gulbi, daga baya na gane shi ma wauta ce, littafin bai yi ƙarya ba, ni ne na karanta shafi biyu na rufe. Na koma na zama mai tambaya, a hannun Malam Audu na koyi aikin da na ci abinci da shi har na yi ritaya.

Sau ɗaya na iya neman gafararsa da baki, muna gyaran koma mu biyu a bakin ruwa, ya riga ya tsufa sosai. Bai ɗago kai ba.

"Na yahe tun ranar da kar riƙa kwano. Kai wanga, dajin da kac ce bai dame ni ba, kowa da ajalinai. Wandunan na. Uwarka ta ɓoye su shekara biyu."

To, Nasiru, ka ji. Abin da ke damuna irin na kakanku ne, na riga na je tun bara ban gaya muku ba. An ɗebi jinina, an duba ni, an ce kumburi ne, an ba ni ƙwayoyi, an ce in riƙa dawowa don biyun ba sa hana juna zuwa. Ranar Talata ce komawata. Kai za ka kai ni, ka shiga tare da ni ka ji daga bakin likita, ka yi duk tambayar da ke cikin wayarka. Abin da ya faɗa, mai daɗi ko marar daɗi, ni zan gaya wa 'yan'uwanka da bakina. Ku ma maza, in kun manyanta ku je a duba ku, kada ku jira buta ta tona ku.

Ƙarshen sahun baya kuwa, ku daina cewa in matso gaba. Ba iska nake bi ba. Wurin da na ajiye ubana ne, shekara goma sha shida yana tsaye a nan shi kaɗai, kuma ban ga da wace fuska zan wuce shi ba.